Turke a Cikin Saiwar Haƙori

Idan haƙori ya ruɓe har kansa ya kusa ƙarewa, amma saiwarsa tana nan daram a cikin muƙamuƙi, likita yana da hanyar ceto shi ba tare da ya cire shi ba. Yakan share siririn ramin da ke tsakiyar saiwar, ya toshe ƙasansa, ya soka wani abu mai kama da tsinken ashana a cikin abin da ya rage na ramin, ya gina sabon kai a kansa, sannan ya kifa masa hula. A kan wannan tsinke nake son mu yi nazari yau, kuma wahalar farko da ke tattare da shi ita ce sunansa.

Mu Hausawan Sudan da Larabci muke shiga asibiti, da Hausa kuma muke komawa gida mu ba da labarin abin da likita ya ce. Likitocinmu suna da kalmomi biyu. Wasu sukan ce di'ama, wato madogara ko ginshiƙi. Wasu sukan ce watad, wadda jam'inta autad ne, kalmar da duk wanda ya yi karatun allo ya taɓa rubutawa. A ƙauyukanmu na Dindir kuwa, na ji an ce ƙusa, na ji an ce ƙarfe, na ji an ce ginshiƙi. Kowace daga cikin kalmomin nan tana yi wa mara lafiya alkawari. Wanda aka ce masa an kafa masa ginshiƙi a baki zai tafi gida da tunanin haƙorinsa ya fi na da ƙarfi, zai kuma gwada shi a kan goruba. Ni a wajen koyar da ɗalibai da kuma bayani ga dangi na zaɓi turke, wadda ita ce fassarar watad. Aikin turke shi ne riƙe akuya kada ta tafi. Ba ya ƙara wa ƙasar da aka kafa shi a cikinta ƙarfi, shi ne ma yake dogara da ita. Haka turken haƙori yake: yana riƙe sabon kan da aka gina kada ya faɗi, amma ƙarfin haƙorin yana cikin abin da ya rage na haƙorin asali.

Kafin a gane dalili, sai an san yadda haƙori yake a gine. Daga waje akwai farar kwasfa, wadda ta fi kowane abu a jikin ɗan Adam tauri, domin kusan kashi 96 cikin 100 nata ma'adini ne. A ƙarƙashinta akwai ƙashin haƙori, wanda masana ke kira dantin. Ma'adininsa wajen kashi 70 ne, sauran kuwa ruwa ne da wasu zarurruka masu danƙo, shi ya sa yake ɗan lanƙwasawa ya komo ba tare da ya karye ba. Can tsakiya kuma akwai ɓargo, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke, yana sauka ta cikin saiwa har zuwa ƙashin muƙamuƙi. Idan ruɓa ta huda kwasfa da dantin ta isa ɓargo, nan ne ake samun ciwon da ke hana barci. Maganinsa ɗayan biyu ne: a cire haƙorin, ko a kwashe ɓargon, a wanke ramin, a cike shi da gatafaca, wani danƙo da ake samu daga bishiyoyin yankin Malesiya da Indunusiya. Wannan na biyu shi ne mutanenmu ke kira kashe jijiya.

An daɗe ana cewa haƙorin da aka kashe wa jijiya yakan bushe ya zama kamar ƙirare, shi ya sa yake saurin karyewa. Maganar tana da daɗin ji, amma gwaji bai goyi bayanta ba. A 1992 Sedgley da Messer, a Melbon ta Ostireliya, sun kwatanta haƙoran da aka yi wa wannan aiki da takwarorinsu masu rai daga bakin mutum ɗaya, ba su sami bambancin a zo a gani ba a ƙarfin dantin ɗin. Tun kafin nan, a 1989, Reeh da Messer da Douglas a Minisota ta Amurka sun auna yadda ƙananan turame ke rasa tsayuwarsu mataki-mataki. Aikin kashe jijiya gaba ɗayansa ya rage kashi 5 cikin 100 kawai. Rami a saman turmi ya rage wajen kashi 20. Da aka yanke bangon gaba da na baya duka biyu, ramin ya ratsa haƙorin daga wannan gefe zuwa wancan, sai aka rasa kashi 63. Duk wanda ya taɓa ganin rumbun laka ya san wannan lissafi. A kwashe dawar da ke ciki, rumbu yana tsaye. A fasa cikinsa ta gefe biyu, damina ɗaya ta ishe shi.

Akwai kuma wani rashi da ba a gani da ido. Haƙori mai rai yana jin nauyin abin da ya hau shi, ya sa muƙamuƙi ya saki tun kafin ɓarna ta auku. Randow da Glantz a Suwidin sun nuna a 1986 cewa haƙorin da ba shi da ɓargo yakan ɗauki fiye da ninki biyu na nauyi kafin mai shi ya ji zafi. Ƙarfin cizon baligi mai lafiya a kan manyan turame yakan kai nauyin kilo 50 zuwa 70, wato buhun siminti guda har da ɗoriya. Haƙorin da bangonsa ya ragu, mai gadinsa kuma ya tafi, shi ne ke karɓar wannan nauyi idan tsakuwa ta faɗo cikin loma.

Dabarar soka turke a saiwa tsohuwa ce. Pierre Fauchard, Bafaranshen da ake kira uban likitancin haƙori na zamani, ya bayyana ta a littafinsa na 1728, da turakun zinariya da azurfa. A ƙarni na 19 an yi amfani da na icce, don icce yakan sha yawu ya kumbura ya kama ramin gam. Sai dai kumburin nan kan ci gaba har ya tsaga saiwar. Duk da haka likitoci sun daɗe suna ɗauka cewa turken ƙarfe yana yi wa haƙori abin da rodi ke yi wa kankare. A 1979 Guzy da Nicholls suka gwada haƙora masu turke da marasa shi, ba su ga ƙarin ƙarfi ba. A 1985 Trope da abokan aikinsa suka nuna cewa haƙa wa turke wuri ma kansa yana raunana saiwa, domin duk abin da aka ƙwaƙule daga cikinta dantin ne da ba ya dawowa. Mutumin Dindir bai kamata ya yi mamaki ba. Baƙar lakarmu idan rani ya yi takan dare har ƙafar ɗan akuya ta faɗa, kuma kowane yaro ya san cewa buga ƙaton turke kusa da bakin darewar buɗe ta yake yi.

To, in turke ba ya ƙara ƙarfi, me ke hana haƙorin da aka gyara tsagewa? Amsar na same ta a hannun kawuna, ba tare da ya san yana riƙe da ita ba. Shekaru kaɗan kafin yaƙi haƙorinsa na gaba ya karye a gona, ya je Sinnar, ya dawo ransa a ɓace. Na tarar da shi a zaure yana wasa lauje, lokacin yankan riɗi ya gabato.

Ya ce, "Ɗana, kai da ka yi karatun abin, duba mini wannan al'amari. Na ce wa likita ya sa mini ƙusa mai kauri ta ƙarfe, ko nawa ne zan biya. Ya ce wai siririya zai sa, kuma ta roba. Ko don ya ga ni mutumin ƙauye ne?"

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ba ni laujen nan. Wutsiyar ƙarfen da ta shiga cikin ƙota, da maƙeri ya yi ta da kauri biyun wannan, me zai faru?"

Ya ce, "Ƙotar za ta tsage mana."

"To me ya hana ta tsagewa yanzu, alhali kullum kana fizgar kara da ita?"

Ya ɗora yatsa a kan zoben ƙarfen da ya kewaye bakin ƙotar, ya yi shiru, sannan ya yi dariya.

Wannan zobe, ko ƙawanya, shi ne zuciyar darasin. Wutsiyar lauje ita ce turke, ƙota ita ce saiwa, ƙawanya kuma ita ce bakin hular da ake kifawa. Idan hular ta sauko ta rungume lafiyayyen dantin ta kowane gefe, to duk lokacin da aka ciza, ƙarfin da ke son buɗe saiwar daga ciki yakan tarar da ɗauri daga waje. Sorensen da Engelman sun nuna a 1990 cewa ko milimita 1 na bangon asali a cikin hular yana ƙara juriya sosai, Libman da Nicholls kuma a 1995 suka ga cewa sai an kai milimita 1.5 amfanin ke tabbata. Abin da ake koyarwa yanzu shi ne tsayin milimita 1.5 zuwa 2, da kaurin da bai gaza milimita 1 ba. Wannan bai wuce girman ƙwayar gero ba, amma a kansa ne makomar haƙorin ta rataya. Idan haƙori ya karye daidai da dasashi, babu abin da hula za ta kama, sai nauyin duka ya koma kan turke, turke kuma ya zama abin ɓamɓara a cikin saiwa. A irin wannan hali likita yakan iya rage dasashi da ɗan ƙashi don bango ya bayyana, ko ya jawo saiwar sama sannu a hankali da waya cikin makonni. In duka biyun ba su yiwu ba, gaskiya ita ce a cire.

Sauran ƙa'idodin duk daga tunani ɗaya suka fito, wato tattalin dantin. Kaurin turke kada ya wuce sulusin faɗin saiwa. Tsawonsa a cikin saiwa ya kai aƙalla tsayin hular da zai ɗauka, ya kuma nutsa cikin ɓangaren da ƙashin muƙamuƙi ya kewaye. A can ƙasa a bar milimita 4 zuwa 5 na gatafaca ba a taɓa ba, don shi ne ƙofar da ke tsare ƙwayoyin cuta. Manyan turame kuwa sau da yawa ba sa bukatar turke ko kaɗan, saboda ɗakin ɓargonsu yana da faɗi da zurfin da zai riƙe ciko da kansa. Haƙoran gaba da ƙananan turame su ne suka fi nemansa, don saiwarsu siririya ce, ƙarfin cizo kuma a karkace yake zo musu.

Saura batun robar da ta ɓata wa Kawu rai. Ba roba ba ce irin ta bokiti. Zarurrukan gilashi ne masu yawa, an jera su a tsaye an haɗe su da danƙo mai daskarewa. Duret da abokansa a Faransa ne suka fito da irin wannan turke a 1990, da zaren kabon, daga baya na gilashi ya fi yaɗuwa saboda fari ne, ba ya duhunta hular haƙorin gaba. Hikimarsa tana cikin lanƙwasa. Masana suna auna ƙin lanƙwasar abu da ma'aunin gigafaskal: dantin yana wajen 18, turken zaren gilashi tsakanin 20 da 50, titaniyom wajen 110, ƙarfe marar tsatsa da zirkoniya kuwa wajen 200. Idan aka ciza, saiwa tana ɗan lanƙwasawa; turken ƙarfe ba ya binta, sai ƙarfin ya taru a tsininsa, can cikin ƙashi. Turken zare kuwa yana ɗan tafiya tare da ita.

A ɗakin gwaji ana dasa cirarrun haƙora a cikin roba mai tauri, a karkata su, na'ura ta danna su a hankali har su karye, a rubuta nauyin da suka ɗauka da kuma wurin da suka karye. Sau da yawa masu turken ƙarfe sukan ɗauki nauyi mafi yawa, amma idan sun karye, saiwa ce ke tsagewa, wannan kuwa ba shi da gyara. Masu turken zare sun fi saurin sakin gam ko karyewa daga sama, inda likita zai iya sake aiki. Ɗalibin da ya dubi lambar nauyi kaɗai zai ce ƙarfe ya yi nasara. Wanda ya dubi wurin karaya zai yi wani hukunci dabam. Sai dai baki ba ɗakin gwaji ba ne. A baki haƙori ba ya karyewa da danni guda, gajiya ce ke kashe shi, tauna bayan tauna, cikin yawu da shayi mai zafi da ruwan sanyi, shekara da shekaru. Binciken da aka yi a kan mutane ya nuna cewa turken ƙarfe da na zare duka suna daɗewa idan akwai bango. Ferrari da abokan aikinsa a Siyena ta Italiya sun bi ƙananan turame 360 har shekara 6, suka wallafa a 2012 cewa turke yana taimakawa, amma haɗarin lalacewa yana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar bangon da ya saura. Haƙorin Kawu yana da wajen milimita 2 a kewaye. Ya koma aka sa masa siririn, yana nan har yau. Abin da ya bari shi ne ɓare rake da shi.

Duk waɗannan lambobi an samo su ne a wuraren da mara lafiya ke komawa wurin likita ranar da aka ce ya koma. Namu halin dabam yake. Tun daga Maiwurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa ƙauyukan Jazira da na bakin kogin Dindir, yawancinmu manoma ne. Wanda ke son aikin turke da hula sai ya nufi Sinja ko Sinnar ko Madani, wani lokaci har Khartum, kuma ba tafiya ɗaya ba ce. Da damina laka takan rufe hanyar ƙauye, da kaka ba a barin gona, kuɗi kuwa sai an sayar da riɗi ko dawa. Ga shi muna zaune tsakanin masana'antun sukari na Sinnar da Junaid da Kinana, muna shan shayi da jabana sau da yawa a yini, kowane kofi da cokulansa. Abin ƙwalamarmu kuma duk mai tauri ne: goruba, aduwa, magarya, busasshen dabinon barakawi, 'ya'yan kankana da ake fasawa da haƙoran gaba. Sukari yana cin bango daga ciki, goruba tana jiransa daga waje.

Gwaggona ta gwada mini abin da tazara tsakanin tafiya da tafiya ke haifarwa. A ƙarshen 2023 an kashe mata jijiyar wani ƙaramin turmi a Madani, aikin ya yi kyau, aka toshe da cikon wucin gadi, aka ce ta dawo bayan mako biyu a sa turke da hula. Kafin ranar ta zo, a tsakiyar Disamba, yaƙi ya iso Madani. A Yulin 2024 ya iso Dindir, suka bi ayarin masu gudu zuwa Gadarif. Haƙorin bai dame ta ba duk tsawon wannan lokaci, tunda ba ya ciwo, kuma wanda ke neman inda zai kwantar da jikoki ba ya tuna haƙori. Wata rana tsakuwa ta zo cikin adasi, ta ji ƙas, bangon ciki ya dare har ƙarƙashin dasashi, aka cire. Da muka yi waya ta ce, "Ai dama, ɗana, tun da suka kashe shi na san ya zama matacce." Na ce, "Gwaggo, bai mutu ba, rufi ne bai samu ba." Aquilino da Caplan a Ayowa ta Amurka sun ruwaito a 2002 cewa haƙoran da aka kashe wa jijiya aka bar su ba hula ana rasa su ninki shida fiye da waɗanda aka rufe. Cikon wucin gadi kuwa na makonni ne. Idan ya daɗe yakan zaizaye, yawu ya bi gefensa ya gangara cikin saiwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka nake ce wa ɗalibai, hukuncin turke ba a hoton ƙashi kaɗai ake yanke shi ba. A auna bangon da ya rage da ma'auni, ba da ido ba. A tambayi mutum daga ina ya zo, yaushe zai iya dawowa, yaushe kuɗinsa ke shigowa. In akwai shakkar dawowarsa, kada a sallame shi da cikon wucin gadi: a yi masa ciko mai ɗorewa a ranar, a ɗan rage tsinin haƙorin don kada abokin cizonsa ya riƙa dukansa, a faɗa masa da harshen da yake ji cewa rashin ciwo ba shi ne gamawa ba. Hula ba baƙuwa ba ce gare mu, mu da muka gaji haƙorin Makka daga iyayenmu alhazai. Bambancin shi ne waccan ado ce a kan lafiyayyen haƙori, wannan kuwa ɗauri ce a kan mai rauni, kuma ita ce ba a jinkirtawa.

Mara lafiya ma yana da tambayoyin da ya cancanci ya yi, ba tare da jin nauyi ba. Nawa ya rage na haƙorina a saman dasashi? Turken nan dole ne, ko ciko zai tsaya ba shi? Tafiya nawa zan yi, kuma nawa ne kuɗin aikin tun daga jijiya har hula, ba na yau kaɗai ba? Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai fara wannan aiki gara ya fara shi bayan kaka, kuɗin hula na aljihunsa, hanya kuma a bushe. In likita ya ce bango ya ƙare, kada a matsa masa ya sa ƙusa don gudun giɓi, domin za a biya kuɗin jijiya da na turke da na hula, sannan a dawo a biya na cirewa. In kuwa ya ce akwai bango, a gama aikin har ƙarshe, a ci gaba da asuwaki da man goge baki mai fulorayid a gindin hular, inda sabuwar ruɓa ta fi son farawa, a kuma bar wa turmi da taɓarya aikin fasa goruba.